Hattara da filashin da ake saka Windows da shi

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa Windows 10. Tun daga nan masu kwamfuta da yawa suka shiga neman sabon Windows ko wani tsarin daban, irin su Ubuntu da Linux Mint. Yawancin laftof na yanzu ba su da wurin saka faifan CD, don haka da filashi ake aikin. Wannan filashin ya sha bamban da na ajiye hotuna da waƙoƙi. Shi kwamfuta ke tashi da shi tun kafin ta buɗe komai nata, kuma duk abin da ke cikinsa shi zai zama tushen na'urarka. Saboda haka dole a yi taka-tsantsan.

Haɗa shi ba wuya. Ana buƙatar filashi mai aƙalla 8GB, da fayil ɗin ISO na tsarin da ake so, da manhajar da za ta rubuta shi. Ga mai son Windows, Microsoft na da tata manhajar kyauta, Media Creation Tool. Akwai kuma Rufus, da balenaEtcher, da Ventoy wadda ke ba da damar tara ISO da yawa a filashi guda. Duk kyauta ne a shafukansu na asali. Kwafe ISO cikin filashi kamar yadda ake kwafe hoto ba ya sa kwamfuta ta tashi da shi, sai manhaja ta shirya shi.

Haɗari na farko yana wajen samo ISO ɗin. Na Windows 11 ya haura 5GB, data kuma da tsada, shi ya sa mutane ke karɓar wanda aka tura musu ko wanda aka ce "an riga an buɗe shi, ba ya neman lasisi". A 2023 kamfanin tsaron kwamfuta na Doctor Web ya gano kwafin Windows 10 na sata da aka cusa wa manhajar ɓarayi, wadda ke sauya adireshin asusun kuɗin kirifto idan mutum ya kwafa, kuɗin su tafi wani wuri. Cutar da ta shigo tare da tsarin kansa tana da wuyar ganowa. Ka sauke daga shafin Microsoft, na Ubuntu ko na Linux Mint kawai. In wani ne zai yi maka, tambaye shi inda ya samo nasa.

Na biyu shi ne gogewa, kuma sau biyu take faruwa. Rufus zai share duk abin da ke cikin filashin, don haka ka cire sauran filasai da ke jikin kwamfutar kada ka zaɓi wanda ba shi ba. Sannan a lokacin saka tsarin, goge ɓangaren rumbun ajiya yana tafiya da takardun makaranta, lissafin shago da hotunan iyali. Ka kwashe su zuwa wani wuri tukuna, ka buɗe ka tabbatar sun kwafu. Idan kwamfutar tana kulle da BitLocker, nemo lambar buɗewa mai alƙaluma 48 ka rubuta a takarda.

Na uku, filashin jabu. Akwai wanda za a rubuta masa 64GB, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali cikinsa bai kai rabi ba. Aiki na iya tsayawa a tsakiya bayan an riga an goge tsohon Windows. Araha ba ta ado. Ƙaramar manhaja mai suna H2testw tana gwada ainihin girman filashi.

Sai kuma dacewa da na'urar. A Rufus, kwamfutocin zamani masu UEFI suna son GPT, tsofaffi masu BIOS kuwa MBR. Windows 11 yana buƙatar TPM 2.0, da RAM 4GB, da wurin ajiya 64GB, kuma laftof na gwanjo da yawa ba su cika sharuɗɗan ba. Ana iya tsallake su, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da aika wa irin wannan kwamfutar gyare-gyare ba. Tsohuwar na'ura takan fi samun sauƙi da Linux Mint.

In komai ya kammala, cika batir saboda ɗaukewar wuta, ka soka filashin, ka kunna kana danna F12 a Dell, ko F9 a HP, ka zaɓe shi. Idan ka iso shafin da ke tambayar inda za a saka tsarin, tsaya ka karanta sunan kowane ɓangare da girmansa. In ba ka gane ba, kashe kwamfutar ka nemi wanda ya sani, domin har zuwa wannan matakin ba a taɓa kayanka ba.