Farautar Aladun Daji da Bindiga Marar Tabarau

A jihar Texas ta Amurka, manomi kan bar gonar masararsa lafiya lau da yamma, ya wayi gari ya tarar da ita kamar an bi ta da garma cikin dare: an tone irin da ya shuka layi bayan layi, ramuka ko'ina, wani ramin ma ya isa ya karya masa ƙafar tarakta. Aikin aladun daji ke nan. Ma'aikatar noma ta ƙasar ta ƙiyasta cewa yawansu ya haura miliyan 6, sun bazu a jihohi kusan 35, ɓarnarsu kuma tana cin fiye da dala biliyan ɗaya da rabi a kowace shekara. Texas ce ta fi kowace jiha yawansu.

Kada mai karatu ya ɗauka gadu ake nufi, wanda ake gani a Yankari yana gudu da wutsiya a miƙe. Gadu ɗan asalin Afirka ne. Waɗannan kuwa jikokin aladun gida ne da suka ɓalle suka koma daji. Nahiyar Amurka ba ta san alade ba sai da Turawa suka kai shi, kuma cikin waɗanda suka fara kai shi har da Hernando de Soto, ɗan Sifaniya, da ya sauka Florida da garkensa a 1539. A farkon ƙarni na 20 wasu masu hannu da shuni suka shigo da aladen dajin Turai domin wasan farauta, ya tsallake shinge, ya barbari na gidan da suka riga suka gudu. Abin da aka samu dabba ce mai ƙarfi, mai wayo, mai cin duk abin da ta tarar, daga gyaɗa da dankali har ƙwan tsuntsu da 'ya'yan awaki.

Yau akwai masu harbinsu daga jirgi mai saukar ungulu, abin da Texas ta buɗe wa mafarauta ƙofarsa a 2011. Akwai masu fita da dare da tabarau mai gano ɗumin jikin dabba a cikin duhu. A tsakiyar wannan duka, har yanzu akwai mutanen da suke shiga kurmi da tsohuwar bindiga irin Winchester samfurin 1894 ko Marlin 336, babu gilashi ko ɗaya a kanta, sai ƙarafan saiti guda biyu. Ni waɗannan ne suka fi ba ni sha'awa.

Tsarin mai sauƙi ne. Kusa da idon maharbi akwai ɗan ƙarfe mai tsaga a tsakiya, a can bakin bindigar kuma akwai wani ɗan tsinke a tsaye. Maharbi zai daidaita tsinken a tsakiyar tsagar, hasken da ke gefensa na dama ya yi daidai da na hagu, kansa ya yi kai ɗaya da saman tsagar, sannan ya ɗora shi inda yake son harsashi ya faɗa. Wahalar ita ce idon ɗan Adam ba ya iya ganin abubuwa uku masu nisa daban-daban tangaran a lokaci guda. Dole ya zaɓi ɗaya. Gwanaye sun ce tsinken gaba za a kafa wa ido, a bar tsagar da dabbar su ɗan dushe. Wanda bai saba ba, ransa yana kan dabbar, ita yake kallo, sai tsinken ya karkace bai sani ba. Karkatar da ba ta fi kaurin farce ba a bakin bindiga ta isa ta kai harsashi cikin tumbin alade maimakon ƙirjinsa.

Shi ya sa mai irin wannan bindiga ba ya harbi daga nesa. Da zarar an doshi mita 90, tsinken kan rufe wani babban yanki na jikin dabbar, harbin ya zama canki-canka. Yawancinsu sun fi son mita 50 ko ƙasa da haka. Ga kuma matsalar haske: alade ba ya da ƙwayoyin gumi da za su sanyaya shi, don haka a lokacin zafi yakan wuni kwance cikin taɓo da sarƙaƙiya, ba ya fitowa sai almuru ko asubahin fari. Baƙin tsinke a kan baƙin alade a wannan lokaci, ɓacewa yake yi ɗungum. Wasu kan ɗiga masa farin fenti, wasu su sa na tagulla mai ɗan ƙyalli. Tsufa ma yana da nasa rabon, domin idon da ya wuce shekara arba'in yakan fara gardamar ganin abin da ke kusa.

Tunda dole a matsa kusa, dole a san dabbar. Ganin alade ba wani na a-zo-a-gani ba ne, amma hancinsa bala'i ne. Mafarauci yana karanta iska kafin ya karanta sawu. Zai ɗebi ƙura ya sake ta ya ga inda ta nufa, ya zagaya komai nisa har sai iskar tana bugun fuskarsa. Yana tafe yana duba ƙasar da aka tone ko danshinta bai bushe ba, da kututturan itatuwa inda aladu suka goge taɓon jikinsu, domin tsayin taɓon a jikin itacen yana gaya masa girman wanda ya goga. Duk maharbin da ya taɓa sanɗar dabba da adaka a dajin ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

A cikin sarƙaƙiya, rashin tabarau riba ce. Gilashi yana kusanto da abu amma yana ƙuntata gani, ruwan sama da tururi kuma suna lulluɓe shi. Mai ƙarafan saiti yana ganin garken gaba ɗaya, yana ganin wadda ke da 'ya'ya, yana iya sake ɗaga bindiga nan take idan harbin farko bai wadatar ba. Hakan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsohon namiji yana da wata kakkaurar fata mai tauri a kafaɗunsa, wadda take kare shi daga hauren 'yan'uwansa a wajen faɗa, ƙaramin harsashi kuma kan rasa ƙarfi a cikinta. Zuciyarsa da huhunsa sun fi na barewa matsawa gaba da ƙasa, wanda ya harba inda ya saba harbin barewa sai ya raunata shi kawai. Alade mai rauni a cikin ciyawa mai tsayi, da haure mai kaifi, shi ne ke jefa mafarauta da karnukansu cikin haɗari.

Sai dai a faɗi gaskiya komai ɗacinta: wannan gwaninta ba ta rage wa manomi asara sosai. Mace tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba, cikin yana ɗaukar kwana 114 ko kusa da haka, tana haifar biyar ko shida a kai ɗaya, wani lokaci sau biyu a shekara. Masu bincike a jami'ar Texas A&M sun nuna cewa sai an kawar da kusan kashi biyu cikin uku nasu kowace shekara kafin yawansu ya tsaya inda yake. Mai bindiga ɗaya ya kayar da guda, sauran sun watse, sun kuma koyi darasi, gobe sai tsakar dare za su fito.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Daɗin farautar ya sa wasu sun riƙa loda aladu a mota suna sakinsu a yankunan da babu su, don su sami abin harbi kusa da gida. Jihar Missouri ta lura da haka, a 2016 ta hana farautarsu a filayen da hukumar kare dajinta ke kula da su, ta koma ga manyan tarkuna masu kama da garka. Ana zuba masara kwana da kwanaki, ana kallo ta kyamara, ba a sakin ƙofar sai an tabbatar garken duka ya shiga, har da tsohuwar macen da ke jagorantarsa. Texas ta bi wata hanyar daban: tun 2019 mutum ba ya buƙatar lasisin farauta kafin ya harbi aladen daji a filin wani, muddin mai filin ya yarda.