Jawabin Kurciya a Tabanni

Da sassafe, kafin hayaƙin murhu ya tashi a Tabanni ta ƙasar Birnin Gwari, kurciya ke fara magana daga kan rumbu. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Dubi sheƙarta tukuna. 'Yan tsinkaye ne ta gicciya a reshe, har kana hango ƙwan ta ƙasa. Biyu take sakawa, farare. Namiji ya kwanta a kai da rana, mace da dare, kusan mako biyu. In 'ya'yan sun ƙyanƙyashe ba tsutsa ake nemo musu ba. Uwa da uba duka suna fito da wani farin abu kamar kindirmo, wanda ke saɓulowa daga fatar cikin maƙoshinsu, su ɗura musu baki da baki. Daga jikinsu suke ciyarwa. Ba na karɓar gurasa a Jibin Ubangiji ban tuna da wannan ba.

Luka ya faɗa mana cewa da Maryamu da Yusufu suka kai jariri Yesu Haikali a Urushalima, hadayar talaka suka miƙa, kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru, wadda Doka ta yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. A Kogin Urdun ma, da aka yi wa Yesu baftisma, Ruhu Mai Tsarki bai sauko da siffar gaggafa ko shaho ba, sai ta kurciya.

Abin da ke ci mini rai shi ne sunanta aka ba asirin raba mutum da garinsu. A ce an yi wa wane kurciya, ya shiga duniya. A ƙasar Birnin Gwari ba boka ya yi wannan aikin ba, bindiga ce. Ƙauyuka suka watse, gonakin masara suka koma jeji, dajin Kamuku, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, ya koma maɓoyar 'yan bindiga.

A Nuwamban 2024 gwamnatin jiha ta Gwamna Uba Sani ta yi sulhu da su, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Ban ga laifin wadda aka kashe wa ɗa ba in zuciyarta ta ƙi sauka. Yafiya ba ta da araha. Amma kurciyar Nuhu ma, da ya fara sakinta, komawa ta yi ba ta sami wurin sa ƙafa ba. Ya miƙa hannu ya karɓe ta, ya jira kwana bakwai, ya sake sakinta. Da yamma ta dawo da ɗanyen ganyen zaitun a baki.