Tsohon faifan garmaho: Yadda ake gane bugu na farko da sanin darajarsa kafin ya tsallake iyakar Jibiya

Duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magamar Jibiya, inda motoci ke tsayawa gaban jami'an kwastam kafin su miƙa zuwa Ɗan Isa a cikin Jamhuriyar Nijar. Hatsi da dabbobi da atamfa su ne kayan da aka fi sanin wannan hanya da su. Sai dai tun kafin zuwan kaset akwai wata haja marar nauyi da fatake da alhazai ke cusawa a tsakanin kayansu, wato faifan garmaho. Masana'antun da ke buga shi suna Kudu, a Legas da Onitsha, amma masu sauraron Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suna ɓangarorin iyakar biyu, domin harshe ɗaya ake yi a Katsina da Maraɗi.

Yau mafi yawan waɗannan faya-fayai sun salwanta. Waɗanda suka rage suna ƙasan adaka ko bisa kabad a gidajen tsofaffin 'yan kasuwa da ma'aikata, kuma sau da yawa magada ba su san abin da ke hannunsu ba. A daidai wannan lokaci kuwa kasuwar tsohon faifai ta farfaɗo a duniya. A Amurka, yawan faya-fayan garmaho da aka sayar a shekarar 2022 ya zarce na faifan CD, karo na farko tun 1987. Masu tara tsofaffin faya-fayai daga Turai da Amurka da Japan sun daɗe suna neman na Najeriya. Saboda haka ya dace mai faifai ya san abin da ke ɗaga darajarsa da abin da ke zubar da ita.

Faifai iri uku ne

Matakin farko shi ne sanin irin faifan da ke hannu. Mafi tsufa shi ne mai juyi 78 a minti ɗaya. Ana yin sa da wani irin ƙaro da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da maƙwabtanta, yana da nauyi, kuma yana fashewa kamar tangaran idan ya faɗi. Kowace fuska tasa ba ta ɗaukar fiye da waƙar minti 3 ko kaɗan sama da haka. Shi ne ainihin faifan garmaho mai wani, wanda ake murɗa wa hannu.

A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai na roba mai juyi 33 da sulusi, wanda kowace fuskarsa ke ɗaukar kimanin minti 20. Shekara ɗaya bayan haka, a 1949, kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45, wanda galibi waƙa ɗaya ce a kowace fuska. Babban faifan ya fi dacewa da waƙar Hausa, domin makaɗin kalangu ko na kotso ba ya gama zancensa a cikin minti 3.

A Najeriya, kamfanonin EMI da Decca da Philips, wanda daga baya ya koma Polygram, su ne suka mamaye harkar, sannan 'yan ƙasa irin su Tabansi na Onitsha suka shigo. Kaset, wanda Philips ya ƙirƙiro a 1963, shi ne ya kashe kasuwar faifai a hankali, saboda ya fi araha, ba ya tsoron ramukan hanya, kuma kowa na iya kwafarsa a shago.

Me ya sa bugu na farko ya fi tsada?

Ba a rubuta waƙa a kan kowane faifai ɗaya bayan ɗaya. Ana fara yanka sautin ne a kan wani faifai mai laushi kai tsaye daga tef ɗin da aka naɗa a situdiyo. Daga nan a ƙera hatimin ƙarfe guda biyu, na fuskar farko da na ta biyu, a riƙa danna su a kan curin roba mai zafi. Kowace dannawa faifai ɗaya ke nan.

Hatimin yana dushewa da yawan aiki, kamar yadda hatimin ofis ke yi. Idan faifai ya samu kasuwa aka sake buga shi bayan shekaru, wani lokaci da gajiyayyen hatimi ake yi, wani lokaci kuma daga kwafin tef ake sake yankawa, ba daga na asali ba. Shi ya sa masu tarawa ke ganin bugu na farko ya fi kusa da abin da mawaƙi ya rera a ranar da aka naɗe shi. Dalili na biyu shi ne ƙaranci. Waƙa ana iya sake buga ta sau goma, amma bugu na farko sau ɗaya ake yin sa, kuma adadinsa raguwa kawai yake yi.

Ana gane shi ta hanyoyi huɗu. Na farko, lambar da kamfani ya ba faifan, wadda ke jikin kwali da kuma takardar tsakiya. Na biyu, wasu ƙananan lambobi da haruffa da aka karta a filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya, waɗanda sai an karkata faifan a gaban haske ake ganinsu. Su ne shaidar yankan da aka yi amfani da shi. Na uku, launi da tambarin takardar tsakiya da adireshin kamfani, domin kamfanoni kan sauya su lokaci zuwa lokaci. Na huɗu, kwalin kansa. Duk faifan da aka ce na shekarun 1970 ne amma aka ga adireshin intanet a bayan kwalinsa, to sabon bugu ne. Alama ɗaya ba ta wadatarwa, sai an haɗa su duka sun yi daidai.

Lafiyar faifai ita ce kuɗinsa

Ƙaranci kaɗai ba ya sayar da faifai. Masu wannan harka suna da ma'auni da suka yarda da shi, wanda mujallar Goldmine ta Amurka ta yaɗa. A ƙoli akwai faifan da ba a taɓa ɗora masa allura ba, wanda samunsa yana da wuyar gaske. Sai wanda ya yi kusa da sabo, da ake yi wa alama da haruffan NM. Ƙasa da shi akwai VG+, mai 'yan ƙananan alamun amfani da ba su taɓa sauti ba. Sai VG, wanda ake jin ƙarar ƙas-ƙas a bayan waƙa. Daga nan sai mai kwarzane da yawa, sai kuma wanda allura ke tsalle a kansa.

Bisa wannan ma'auni, faifan VG+ yakan samu kimanin rabin kuɗin na NM, VG kuma kashi ɗaya cikin huɗu, na ƙasa da su kuwa kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Ma'ana, idan lafiyayyen faifai ya kai Naira 100,000, ɗan'uwansa da aka buga rana ɗaya da shi, amma yara suka yi wasa da shi, da ƙyar zai kai 15,000. Kwali ma ana auna shi daban, kuma faifan da ya rasa kwalinsa ya rasa wani kaso na darajarsa.

A nan ne yanayin yankin Jibiya ya shigo cikin lissafi. Roba tana fara laushi idan zafi ya kai wajen digiri 60, kuma abin da aka bari a cikin mota ko dab da rufin kwano a tsakiyar bazara yana iya kaiwa haka. Faifan da ya lanƙwashe da wuya ya koma daidai. Ƙurar hunturu tana shiga siraran layukan da allura ke bi, ta riƙa cin su kamar yashi. Gara da kyankyaso suna cinye kwali, danshin damina kuma ya manna takarda a jikin roba. Ambaliyar da ta afka wa Jibiya a watan Yulin 2018, wadda ta hallaka mutane sama da 40 ta rushe ɗaruruwan gidaje, ta nuna yadda abin da aka adana shekaru ke tafiya a dare ɗaya. Haka nan iyalan da matsalar tsaro ta raba da ƙauyukansu ba faifai suke fara ɗauka ba. Sakamakon haka, lafiyayyen faifan Hausa ya fi ƙaranci nesa ba kusa ba idan aka kwatanta shi da takwaransa da ya kwana a ɗaki mai sanyi a Ingila.

Abin da kasuwa ke biya

Ya kamata a faɗi gaskiya, ba kowane tsohon faifai ne dukiya ba. Wanda aka buga dubbai masu yawa, irin na fina-finan Indiya ko na fitattun mawaƙan Turai, galibi kuɗinsa kaɗan ne. Farashi yana tashi ne idan abu uku suka haɗu: ƙaranci, lafiya, da masu nema.

Misali mafi shahara shi ne kwafi mai lamba 0000001 na farin kundin ƙungiyar Beatles, mallakar makaɗinsu Ringo Starr, wanda aka yi gwanjonsa a kan Dala 790,000 a watan Disamban 2015. A gida Najeriya kuwa akwai William Onyeabor na Inugu, wanda ya riƙa buga faya-fayansa da kansa, aka manta da shi, har sai da kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake fitar da waƙoƙinsa a 2013. Tun daga lokacin faya-fayansa na asali suka zama abin wawaso. A Nijar ma an ga irin haka da Mamman Sani Abdullahi, wanda ya naɗi kiɗan ogan na lantarki a gidan rediyon ƙasar a 1978, aka fitar da shi a kaset ƙalilan, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya buga shi a faifai, sunansa ya zaga duniya. Abin lura shi ne, sabon bugu ba ya karya darajar na asali, sau da yawa ma shi ke jawo masa masu nema.

Faya-fayan kiɗan gargajiya na Hausa ba su kai na Fela Kuti da makamantansa tsada a kasuwar waje ba, domin masu saye sun fi bin kiɗan rawa na shekarun 1970. Wanda ke son sanin farashi na gaskiya yana iya duba shafin Discogs, wanda aka kafa a shekarar 2000, inda ake ganin hoton kowane bugu da lambobinsa. A can ma a bambance kuɗin da mai kaya ya sa da kuɗin da aka taɓa biya, domin na biyun shi ne farashi. Ɗan kasuwar da ya saba lissafin Naira da Sefa a bakin iyaka ba zai sha wahalar mayar da Dala ko Yuro ba.

Darajar da ta wuce kuɗi

Akwai wani lissafi da ba a yi da Dala. Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a watan Yunin 1999 aka binne shi a Daura, ya yi waƙoƙin da har yau ba a tantance adadinsu ba. Yawancin abin da ake ji nasa a wayoyi an kwafo shi ne daga kaset, wanda shi ma kwafin wani kaset ne, sauti ya dushe, babu shekara, babu sunan kamfani. Kamfanonin da suka naɗi mawaƙan wancan zamani sun sauya hannu, EMI ya koma Ivory Music, Polygram ya koma Premier, tef kuma ba ya jure zafi da danshi. A irin wannan hali, lafiyayyen faifai na bugu na farko yana iya zama mafi ingancin abin da ya rage na wata waƙa, takardarsa kuma ta zama shaidar tarihi.

Don haka duk wanda ya yanke shawarar sayarwa, ya kyautu ya fara kwafe sautin zuwa kwamfuta, ya ɗauki hoton kwali gaba da baya da takardar tsakiya. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i irin su Bayero a Kano da Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina su ne suka fi cancanta a ba kwafi. A kuma sani cewa sayen faifai ba sayen waƙa ba ne. Haƙƙin mallaka yana nan ga masu shi, kamar yadda dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanada, don haka mai faifai ba shi da ikon sake buga waƙar ya sayar.

Kafin a kira dillali

Kada a ɗora faifan roba a kan garmaho mai allurar ƙarfe, domin juyi ɗaya ya isa ya lalata shi har abada. A riƙe faifai ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. A jera faya-fayai a tsaye kamar littattafai, ba a kwance wani bisa wani ba, a wuri mai inuwa, nesa da ƙasa da rufin kwano. Idan za a goge, a yi da ƙyalle mai laushi da ruwa mai tsabta, ana bin zagayen layukan, ba tare da an jiƙa takardar tsakiya ba. Faifai mai juyi 78 kuwa kada sinadarin sifirit ya kusance shi, domin narkar da shi yake yi. Kada a yi rubutu a kan kwali, kada a manna masa salatif.

Idan faya-fayan na mamaci ne, to suna cikin dukiyar gado, kuma ya dace a rubuta sunayensu da lambobinsu a kimanta su kafin rabo, maimakon a haɗa su da tarkacen da za a ba 'yan gwangwan. Mai saye da ya ce zai kwashe adaka guda a kan kuɗi ɗaya ya san cewa faifai biyu ko uku a ciki za su biya masa sauran. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya zauna ya duba kayansa ɗaya bayan ɗaya shi zai san wanda zai sayar, da wanda zai ajiye wa jikoki su ji muryar Shata kamar yadda ta fito daga situdiyo.