Talabijin Mai 3D: Tana Gajiyar da Ido, Ba Ta Ƙona Ƙwaƙwalwa

Talabijin mai 3D ita ce wadda ke nuna wa kowane ido nasa hoton daban, har mai kallo ya ga abu da zurfi kamar zai miƙa hannu ya taɓa shi. Dabarar tsohuwa ce, tun 1838 Charles Wheatstone na Ingila ya bayyana ta. Tsakanin idanun mutum akwai tazarar santimita 6 da 'yan kai, don haka kowane ido yana hango abu ta gefensa, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa hotunan biyu ta bambance nesa da kusa. Tabarau ɗin da ake sawa, aikinsa kawai ya raba wa idanun hotunan. Bayan fim ɗin Avatar na 2009 ya yi kasuwa, Samsung da Panasonic da Sony da LG suka fito da irin wannan talabijin a 2010.

Akwai wani saƙo da ya yi ta zagaya zaurukan WhatsApp na iyaye da dangi. Yana cewa talabijin ɗin tana makantar da mutum, tana sa ciwon daji, tana zubar da ciki, har ma wai an haramta ta a Turai. Mafi muni, ya ce tana ƙona ƙwaƙwalwar yara, kuma duk yaron da ya yi ciwon kai ko idonsa ya karkace bayan kallo, to ya riga ya taɓu, babu abin da asibiti zai yi masa. Wanda ya rubuta wannan bai ambaci likita ko ɗaya ba, bai kuma damu da halin da uwa za ta shiga ba idan ta karanta shi da dare, ɗanta na kuka da kai. Iyayen da suka gaskata ba su da laifi, tsoro ne a kan 'ya'yansu, kuma saƙon ya cakuɗa ƙaryarsa da 'yar gaskiya.

Batun makanta da ciwon daji da ɓari ba shi da tushe, domin hasken da ke fita daga allon irin na kowace talabijin ne. Ba kuma haramta ta aka yi ba. Kasuwa ce ta ƙi: mutane sun gaji da sa tabarau a falo, shirye-shiryen ba su da yawa, tashar ESPN 3D ta rufe a 2013, Samsung ya daina ƙerawa a 2016, LG da Sony suka bi a 2017.

Gajiyar ido kuwa gaskiya ce, kuma an san dalilinta. Idan mutum yana duban abu, idanunsa suna aiki biyu a tare: suna juyowa su haɗu a kan abin, madubin da ke cikin kowane ido kuma yana daidaita kansa da nisan abin. A duniya ta zahiri ayyukan biyu wuri ɗaya suke nufa. A gaban 3D sai su rabu, domin idanun suna bin abin da ya yi kamar ya fito gaban allo, alhali dole madubin ya tsaya a kan allon kansa. Ɗakin binciken Martin Banks na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna a 2008 cewa wannan saɓani yana kawo gajiya da gani dishi-dishi. A 2014 Jenny Read ta Jami'ar Newcastle ta wallafa gwajin da aka yi da mutum 433. Kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka kalli 3D sun koka, galibi da ciwon kai ko gajiyar ido. Cikin waɗanda aka sa wa tabarau aka nuna musu fim na yau da kullum, suna zaton 3D ne, kimanin kashi 8 su ma sun koka. Wato tabarau da zato kaɗai suna da nasu rabon a cikin ciwon.

Da'awar ƙona ƙwaƙwalwa ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Akwai gwaje-gwajen da aka liƙa wa mutane wayoyi a fatar kai, aka auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwarsu lokacin kallon 3D, aka ga ya ɗan sauya. Masu yaɗa saƙon sun tsinci kalmar "sauyi" suka mayar da ita "lalacewa". Amma motsin nan yana sauyawa da kowane aiki: da karatu, da lissafi, da gyangyaɗi, har da rufe ido kawai. Bugun zuciya ma yana ƙaruwa idan mutum ya hau tudu, ba wanda zai ce zuciyar ta lalace. Abin da gwaje-gwajen suka nuna shi ne ƙwaƙwalwa tana ƙarin aiki wajen haɗa hotunan, kuma tana gajiya. Babu wanda ya nuna mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ko taɓin hankali.

Illar wannan ƙarya tana kan yaron da aka ce ba shi da magani. Sau da yawa yaron da 3D ta fi wahalarwa, ko wanda bai ga zurfin ba sam, dama can yana da matsalar ido da ba a lura da ita ba: ko ɗan harara-garke mai ɓoyuwa, ko ido ɗaya ya fi ɗaya rauni, ko yana buƙatar tabarau. Kallon ya fito da matsalar fili ne. Shi ya sa ƙungiyar masu gwajin ido ta Amurka ta ce 3D tana iya taimakawa a gano irin waɗannan yara da wuri. Idon da ya yi rauni a ƙuruciya ana gyara shi da tabarau, ko a riƙa rufe mai ƙarfin na wasu sa'o'i, wani lokaci a yi aiki. Gyaran ya fi ci kafin yaro ya kai shekara 7 ko 8, daga nan sai ya riƙa wuya. Uwar da saƙon ya hana zuwa asibiti, shekarun nan ne take asara. An taɓa samun rahoton wani ƙaramin yaro a Japan, a ƙarshen shekarun 1980, wanda idonsa ya karkace bayan kallon fim mai zurfin hoto. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma shi ma aikin likitan ido ne.

Farfaɗiya ma ba a ɗaukar ta daga talabijin. Sai dai 'yan kaɗan daga masu ita, kamar kashi 3 cikin ɗari, walƙiyar haske tana tayar musu da ita, ko a 3D ko a wani allo. A Disamban 1997 an kai mutum 685 asibiti a Japan, yawancinsu yara, bayan wani shirin Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi, kuma a talabijin ta yau da kullum aka nuna shi. Mai farfaɗiya ya tambayi likitansa kafin ya kalla, kada kuma ya bar shan maganinsa don an kashe talabijin.

Game da ƙananan yara, kamfanin Nintendo ya ba da shawarar kada 'yan shekara 6 zuwa ƙasa su kunna 3D a na'urarsa ta wasa, 3DS, hukumar ANSES ta Faransa ma a 2014 ta ce a hana 'yan ƙasa da 6, a taƙaita wa 'yan ƙasa da 13. Rigakafi ne, saboda ganinsu bai gama nuna ba. Shawarar ta shafi silima da tabarau ɗin VR na wuraren wasan yara, tunda saɓanin nan ɗaya ne. Wanda ya ji ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya ya cire tabarau ya huta, kada ya yi tuƙi sai ya warware. Idan gani bibbiyu ko karkacewar ido ba su wuce ba bayan hutu, a je a ga likitan ido, ko a babban asibitin gari ko a wuri irin Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.