Abin da ya kamata ka sani kafin ka sayi kayan gwada ruwan kifi

Tun bayan cutar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a shekarar 2023, manomin Kwoi na da dalilin neman sana'a ta biyu, kuma kiwon tarwada a tankin siminti ko na tamfol na cikin abubuwan da ke saurin zuwa a zuciya. Sai dai kifi ba kaza ba ne. A ruwan da yake shaƙar iska yake cin abinci, a nan yake kashi. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali guba ce. Shi ya sa ake gwada shi.

Me ake gwadawa a cikin ruwan?

Abu huɗu ne a gaba. Na farko amoniya, wato gubar da ke fita daga jikin kifi da kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasan tanki. Ita ce warin nan mai hawa kai da kake ji a ɗakin kaji. Na biyu naitirait, wata guba da amoniya ke rikiɗewa ta zama, mai hana jinin kifi ɗaukar iska har ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Na uku iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, wadda ake so ta kai miligiram 5 a kowace lita. Na huɗu shi ne pH, ma'aunin tsamin ruwa. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Ruwan lemun tsami yana ƙasa, ruwan kanwa yana sama, 7 kuma tsakiya. Tarwada ta fi jin daɗi tsakanin 6.5 da 8.5.

Ga inda masu farawa ke tuntuɓe: amoniya da pH tafiyarsu ɗaya. Duk lokacin da pH ya hau da lamba ɗaya, ɓangaren amoniya mai kisa yana ninkuwa kusan sau 10. Adadin da kifi ya jure a pH 7 zai iya kwantar da shi a pH 9. Saboda haka gwada ɗaya ka bar ɗaya aikin baban giwa ne.

Waɗanne irin kaya ake sayarwa?

Akwai tsinken takarda da ake tsomawa cikin ruwa ya canza launi, ka gwama da hoton jikin kwalba. Shi ya fi arha da sauri, amma kintace yake ba ka, kuma da danshin damina ya shiga kwalbar ya lalace. Yawancinsu ma ba sa auna amoniya, sai ka duba da kyau.

Akwai na ɗigo. Za ka ɗebi ruwa a ƙaramar kwalba, galibi mililita 5, ka ɗiga maganin gwaji, ka girgiza, ka jira minti 5, ka duba launi. Kamfanoni irin su API da Sera da Tetra suna yin sa. A ganina shi ya dace da mai tanki biyu ko uku, domin bai buƙatar batir, kuma amsarsa abin dogaro ce.

Sai na'ura mai nuna lamba, kamar alƙalamin pH. Tana da ban sha'awa, amma sai ana daidaita ta a kai a kai da wani ruwa na musamman mai lamba 7 da 4. Idan bakinta ya bushe a aljihun tebur, za ta riƙa ba ka lambar ƙarya ba tare da ko ɗar ba. Wanda ba zai iya samun ruwan daidaitawa ba, gara ya haƙura da ita.

Nawa zan kashe?

Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Tsarin dai bai canzawa: takarda ce mai arha, na ɗigo a tsakiya, na'urar auna oksijin ita ce mai tsada sosai. Idan kuɗinka kaɗan ne, fara da na ɗigon amoniya da na pH, ka haɗa da ma'aunin zafi. Kafin ka biya, ko a Kafanchan ne ko Jos ko Abuja, juya kwalbar ka karanta ranar da maganin zai daina aiki. Maganin da ya daɗe a shago cikin zafi ya riga ya mutu. A gida ma inuwa za ka ajiye shi, nesa da yara.

Ai tarwada na da taurin rai, me zai sa in damu?

Gaskiya ne, babbar tarwada tana leƙowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take rayuwa a laka. Amma rayuwa daban, girma daban. Kifin da ke cikin gurɓataccen ruwa yana rage ci, buhun abinci na ƙarewa, nauyi bai ƙaruwa. 'Ya'yan kifi kuwa ba su da wannan juriya ko kusa. Idan ka fito da asuba ka tarar da su sun yi cirko-cirko a saman ruwa, suna tsaye kai sama, maza ka gwada ruwan, ka tsayar da abinci, ka canza wani kaso na ruwan. A kududdufin ƙasa, asuba ce lokacin da oksijin ke yin ƙasa sosai, don haka gwajin tsakar rana zai iya ruɗin ka.

Kada ka raina ma'aunin zafi. Tarwada na son ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30, sanyin hunturu na Disamba da Janairu kuma yana saukar da shi. Ci zai ragu, abincin da ka watsa ya nutse ya zama amoniya.

Ruwan da nake zubawa fa?

Shi ma a gwada. Ruwan rijiyar burtsatse yakan fito da ƙarancin oksijin, wani lokaci da ɗan tsami, sai a tara shi ya kwana ya sha iska. Na famfo yana iya ɗauke da kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ke ƙona kifi. Na rafi da damina yana kwaso taki da maganin ciyawa daga gonaki, kuma kayan gwajin da muka lissafa ba sa gano maganin ciyawa.

Idan kifin teku nake so in ajiye a gilashi don ado?

Wannan wata duniya ce. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma pH ɗinsa yana wajen 8.1 zuwa 8.4. Gishirin miya bai yi, akwai na musamman da ake haɗawa. Kana buƙatar rifiraktomita, wata 'yar na'ura da ake ɗiga mata ruwa a leƙa ta cikin haske ta nuna yawan gishiri. Ta fi ma'aunin roba mai allura daidaito, domin kumfa ɗaya a jikin allurar ya isa ya karkatar da amsa. Ka kuma tabbata an rubuta a jikin kwalin gwajin cewa yana aiki a ruwan gishiri, saboda hoton launinsa ya bambanta da na ruwan daɗi. Sannan ka tambayi kanka ko kana da wutar da za ta riƙe famfon tankin dare da rana.