Gwanin Iyo da Ɗan Autan Gida: Renon Yara a Bakin Gulbi

A kudancin Jihar Sakkwato, inda Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Kebbe kafin ya gangara Jega, da kuma fadamu da tafkunan ƙasar Tambuwal irin na Romo, yaro yakan iya iyo ne ba tare da an kafa masa ranar fara koyo ba. Yana bin yayyensa wanka ko shayar da dabbobi, ya rungumi gora yana buga ƙafa a inda ruwa bai wuce ƙirji ba, har ranar da zai saki gorar. A gidajen Sarkawa da sauran masunta abin gado ne, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga cikin tarin yaran da suka iya, akan sami ɗaya da ya fita daban, wanda in an ce a ƙetare gulbi shi ke fara taɓa gaɓar tsallake. Daga ranar da aka gane haka, tsarin gidansu ya sauya.

Babban dandalin irin wannan yaro yana maƙwabciyar jiha, a Argungu. Bikin kamun kifin garin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta ƙarfafa sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwatawa, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ana yin sa wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da ruwa ya ja. Ban da kamun kifi na gama-gari a gulbin Matan Fada, akwai kabanci: tseren iyo, nutso, tseren kwale-kwale, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Maza manya da yara ke shiga, mata na ƙarfafa musu gwiwa da waƙa. Wannan fage ne yaran gulbi ke mafarki, ko da yawancinsu a gasar ƙauye suke tsayawa.

Ɗawainiyar gida ta fi abin da 'yan kallo ke gani. Ruwa na sa yunwa. Yaron da ya yini yana iyo ba ya ƙoshi da kason sa'anninsa, sai an ƙara masa fura ko ɗumame, ga kifi in an samu. Lokaci ma sai an yi rabonsa tsakanin makarantar allo da asuba, ta boko da hantsi, Islamiyya da yamma, da aikin gona in damina ta faɗi. Uban da ya san abin da yake yi ba ya barin gulbi ya cinye karatu, domin kyautar gasa ta yini ɗaya ce a shekara. Da hunturu sanyin ruwa kan hana atisayen safe, da malka kuma igiyar ruwa ta fi ƙarfin yaro kome gwanintarsa.

Akwai wani abu da baƙo kan yi wa gurguwar fahimta. In gwanin shi ne ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, balle ta yabe shi a gaban mutane. Ya dawo da kyauta, gida ya cika da guɗa, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe. Kunya ce, ba rashin so ba, kuma wanda ya duba akushin yaron a wannan dare zai gane. Yabo da rakiya zuwa gasa sukan faɗa wuyan kawu ko baffa, su ne kuma ke neman kuɗin mota.

Sai ƙanensa. Gidaje da yawa suna da irin wannan ƙaramin yaro mai halin kansa: ya sa takalmi a juye ya ce haka ya fi masa daɗi, ya tara marafan kwalba ya raɗa wa kowane suna, ya yini yana haɗa mota da kara da gwangwani, ya tare baƙo da tambayar ko kifi na jin ƙishirwa. In shi ne auta, kunyar da ta ɗaure bakin uwa a kan wansa ba ta shafe shi ba. Shi ne ɗan lele, abokin tsokanar kaka, wadda ke kiransa mai gidanta tana ƙorafin bai ba da kuɗin cefane ba.

Duk da gatan nan, shi ne aka fi yi wa rashin adalci ba da niyya ba. Baiwar wansa tana da suna da malamai da ranar nunawa. Tasa kuwa shiririta ake kiranta. Da zarar an fara cewa "dubi yayanka", sai ɗayan biyu: ko ya janye jiki ya daina magana, ko ya ƙudura sai ya nuna shi ma ya iya ruwa. Gidan da ya yi dace shi ne wanda wani babba a cikinsa zai tsuguna ya tambayi yaron yadda ya sa ƙafafun motarsa suke juyawa. Sai dai a bambanta halin ban dariya da alamar lalura: yaron da magana ta yi masa jinkiri sosai, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, asibiti ya kamata a kai shi, ba a tsaya ga cewa iska ce ba.

Haɗari mafi girma yana inda yaran biyu suka haɗu, wato bakin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara 5. Ƙaramin yaro ba ya ihu in yana nutsewa, kuma kududdufin bayan gida ya isa. Kuskure ne a damƙa shi hannun wansa don an ce gwani ne. Mai iyo fuskarsa na cikin ruwa, ba ya ganin abin da ke faruwa a gaɓa, kuma ceton wanda ya firgita wani ilmi ne daban. Iya ruwa fid da kai, in ji masu magana. Shi kansa gwanin yana da nasa tarkon: yawan jan numfashi da sauri kafin nutso, don a daɗe a ƙasa, kan sa mutum ya suma a cikin ruwa ba tare da ya ji alama ba.

Cutar da ta fi bin yaran gulbi ita ce tsargiya. Ƙwayarta na fitowa daga ƙananan dodon koɗi, ta huda fata, daga baya a ga jini a ƙarshen fitsari. A wasu wurare ana ɗaukar wannan alamar balaga, alhali cuta ce mai rage jini da lalata mafitsara. Maganinta Praziquantel, wanda akan raba a makarantu, kuma tun da yaro zai koma ruwa, sha ɗaya ba ya wadatarwa har abada.

Gasar zamani kuwa wata duniya ce. Ana yin ta a kwamin iyo mai tsawon mita 50 ko 25, da salo huɗu masu dokoki, ana auna lokaci har da ɗigon daƙiƙa. Najeriya na da Gasar Wasanni ta Ƙasa tun 1973, da ta matasa wadda Jami'ar Ilorin ta karɓi baƙuncinta shekaru da dama. Yaron gulbi na da ƙarfi da dogon numfashi, amma bai saba da tashi daga dakali, juyawa a bango da bin layi ba, kwamin kuma sai a manyan birane, galibi a otal ko filin wasa. Gidan da ke son ɗansa ya bi wannan hanya sai ya nemi mai horarwa ta ofishin wasanni na jiha, ya kuma sami ɗan'uwa a birni da zai riƙe yaron a lokacin hutun makaranta.