Uwargida, Ki San Abin Da A Ke Sokawa A Kwamfutar Gidanki

A makon nan ina so mu ajiye zancen tukunya da na ɗinki tukuna, mu taɓa wani al'amari wanda yawancinmu mu ke ɗauka na maza ne ko na 'yan makaranta, alhali kuwa a tsakar ɗakinmu ya ke aukuwa.

Kwanan baya da la'asar sakaliya wata maƙwabciyata a nan Ƙofar Atiku ta turo mini ɗiyarta, ta shigo rungume da kwamfuta, idanu sun yi jawur. Na ce, "Lafiya, ɗiyata?" Ta ce, "Inna, aikina ya tafi duka." Yarinyar nan tana shekarar ƙarshe a kwaleji, wata huɗu ke nan tana rubuta kundin gama karatu, kuma duk aikin a cikin filashi guda ta tara shi, ba ta da kwafi ko'ina. Ta kai filashin wani shago aka buga mata babi biyu, ta dawo ta soka shi a kwamfutar gida, sai ta ga kowace folda ta fito da 'yar kibiya a gindinta, takardun kuwa ba su ba alamarsu. Kafin ta iso wurina mahaifiyarta har ta fara zancen sammu.

To, ba sammu ba ne, ba kuwa aljannu ba. Abin da masu gyara ke kira bairos ne, watau muguwar manhaja wadda wani ɗan Adam ya zauna ya rubuta domin ta shiga na'urar mutane ba da izninsu ba. Irin wadda ta kama ɗiyar nan tana yawo a garuruwanmu. Ba ta share takardu, ɓoye su ta ke yi, sa'an nan ta ajiye na bogi masu sunansu a wurin. Da zarar kin danna na bogin, ita kika tayar, sai ta sauka cikin kwamfutar ta yi zamanta, kuma kowane filashi ko memori aka soka bayan nan sai ya ɗauka. Kamar ƙyanda ke nan a gidan yawa.

Abin ba sabo ba ne. Tun a 1986 waɗansu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na ƙasar Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta wadda a ke kira Brain, tana bin faya-fayan ajiya daga hannu zuwa hannu, daidai yadda tamu ke bin filashi. A watan Mayu na 2000 wata ta fito daga Manila a ƙasar Filifin cikin siffar wasiƙar soyayya, mutane suka yi ta buɗewa saboda son jin gulma, ta game duniya cikin 'yan kwanaki. Amma wadda na fi so ku riƙe ita ce WannaCry ta watan Mayu 2017. Ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kamar 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace, har asibitoci a Ingila suka ɗage aikin marasa lafiya. Abin takaici, kamfanin Microsoft ya riga ya fid da gyaran ƙofar da ta bi tun watan Maris na shekarar. Waɗanda suka karɓi gyaran sun tsira, waɗanda suka yi ta cewa sai gobe su aka kama.

Mu mutanen Sakkwato ai ba a koya mana amfanin ƙofa. Da Muhammadu Bello ya kafa birnin nan a 1809 an kewaye shi da ganuwa, aka bar ƙofofi irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Kade da wannan tamu, domin a san mai shiga. Kwamfutar gida ma da ƙofofinta, babbar cikinsu kuwa ramin nan da a ke soka filashi. Ki duba inda filashin gidanki ke zuwa cikin mako guda. Ya je wurin masu tura fina-finai da waƙoƙi, ya je shagon buga takardu, ya je gidan ƙawa a kwaso hotunan biki. Kwamfutar mai shago kuwa filashin mutum nawa ta ke karɓa daga safe zuwa magariba? Ba lalle mai shagon mugu ne ba, sau da yawa shi kansa bai san tasa na ɗauke da cuta ba.

Wata ƙofar ita ce kayan banza. Manhajar da a ke saye da kuɗi, in wani ya ce zai sa miki ita kyauta don an fasa makullinta, ki sani wanda ya fasa ɗin yana iya cusa abin da ya ga dama a ciki. Haka saƙon da zai faɗo a allo da jan rubutu yana cewa an ga cuta goma a na'urarki, ki danna nan a wanke. Wannan shi ne ɓarawon da ke ihun ɓarawo. Rufe shafin kawai. Wayar hannu ma ba ta tsira ba, don a watan Oktoba 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gargaɗi a kan wata mai suna Flubot, wadda ke zuwa ta saƙon tes tana satar bayanan banki a wayoyin Android.

Yanzu ga yadda muka yi da ɗiyar maƙwabciyata, ko wata za ta amfana.

Da fari na hana ta yi wa filashin fomatin, don abin da ƙawayenta suka ba ta shawara ke nan, da kuwa ta yi da aikin ya tafi da gaske. Muka cire kwamfutar daga intanet. Sa'an nan muka buɗe wurin da aka rubuta Windows Security, wanda ke zuwa kyauta cikin Windows 10 da 11, mai gadinsa kuwa Microsoft Defender. Muka zaɓi cikakken bincike, ba na gaggawa ba, muka bar shi yana yi har muka yi sallar magariba muka ci tuwo. Ya kama abin ya tsare. Bayan haka muka sa shi ya yi irin binciken da ke kashe kwamfutar ya sake tayar da ita, ya bincika tun cutar ba ta farka ba, wannan kamar minti 15 ya ke ɗauka. Kāna muka soka filashin, ba mu danna kome a cikinsa ba, muka sa aka bincike shi shi ma. Daga nan muka shiga saitin folda muka ce a nuna ɓoyayyun fayiloli, har da waɗanda a ke ɗauka na tsarin na'ura ne. Sai ga kundi ya bayyana, babi biyar cif. Yarinya ta fashe da kuka, na ce ai yanzu ba lokacin kuka ba ne, kwashe ki adana. Sai da ta kwafe takardun kaɗai zuwa wuri mai tsabta muka yi wa filashin fomatin.

Abu guda da kada ki manta: in cuta ta taɓa shiga, ki ɗauka duk kalmar sirrin da aka rubuta a na'urar an gani. Ki canza ta imel da ta Facebook da ta banki, amma daga wata na'ura mai lafiya, kada daga wadda ta kamu. In kin ga kuɗi sun motsa ba da saninki ba, ki je bankinki a ranar.

Zancen riga-kafi ba shi da tsawo. In kwamfuta ta ce tana son sabuntawa, ki bar ta ta yi, ko da za ta ci data. Na san data da tsada, amma ba ta kai aikin wata huɗu ba. Ki tambayi maigida wace Windows ce a kan ta gidanku, domin Windows 7 an daina yi mata gyara tun Janairu 2020, Windows 10 kuma tun 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Kada ki tara masu gadi biyu ko uku a na'ura ɗaya, faɗa za su yi ta yi da juna su nauyaya ta. Yara kuma a buɗe musu nasu shafin shiga wanda ba shi da ikon sa sabuwar manhaja. Ku kuwa 'yan makaranta, in za ku buga takarda a shago, ku tura ta imel ko ta WhatsApp in mai shagon ya yarda, ko ku ware filashi guda na zuwa shago wanda ba ya ɗauke da kome sai abin da za a buga. Aikin da ya ke da muhimmanci a ajiye shi wuri biyu, ɗaya a cire shi a sa cikin akwati, don cuta mai neman fansa tana kulle duk abin da ta tarar a jone.

In abin ya gagara sai an kai wa mai gyara, to, a nan ne na ke jan kunnenku ƙwarai. Kwamfutar gida cike ta ke da hotunanmu na cikin ɗaki, ba lulluɓi, da na ɗiyanmu 'yan mata. Ki kwashe su tukuna in na'urar tana buɗewa. In ba ta buɗewa, maigida ko ƙanenki ya kai, ya zauna a yi aikin a gabansa, kuma ya faɗa wa mai gyaran tun da wuri kada ya share kome sai ya tambaya.